Makarantar ƙwallon yara ta wajen Ƙofar Marusa: abin da na gani cikin wata huɗu

Wata huɗu ke nan ina kai ɗana mai shekara 7 wata ƙaramar makarantar koyar da ƙwallon ƙafa da ke atisaye a filin wata firamare a wajen Ƙofar Marusa a birnin Katsina, ranakun Asabar da Lahadi bayan sallar La'asar. Kuɗin wata bai taka kara ya karya ba, kuma ba a tilasta wa kowa sayen takalmin ƙwallo.

Abin da ya fara burge ni shi ne yadda kocin ya rage wasan ya koma daidai jikin yara. Ƙwallon da suke bugawa ƙarama ce mai lamba 3, an raba filin gida uku, ana kuma buga biyar da biyar, saboda haka babu yaron da zai yini yana gudu ƙafarsa ba ta taɓa ƙwallo ba. Haka ake yi wa ƙananan yara a Amurka a wasansu na besbol (wasan da ake jefo ƙwallo a doke ta da kulki), inda ƙungiyar Little League, wadda aka kafa a 1939, take ɗora wa masu shekara 4 zuwa 7 ƙwallon a kan sanda su doka, maimakon a jefo musu ita da ƙarfi. A nan ma ana karɓa-karɓa wajen tsaron gida, kuma ba a rubuta wanda ya ci.

Matsalar da kocin yake fama da ita mu ne iyaye. Kowannenmu ya san Najeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, kowa kuma yana ganin ɗansa ne zai gaji Ahmed Musa, ko aƙalla ya sa rigar Katsina United a filin Muhammadu Dikko. Wata Asabar wani uba ya tsaya a bakin fili yana daka wa ɗansa tsawa: "Buga mana! Me kake jira?" Yaron ya tsaya cak, ya waiga wajen mahaifinsa, aka ƙwace ƙwallon, ya sunkuya yana gyara safar da babu abin da ya same ta. Kocin ya hura usur, ya tako har wajen mutumin, ya rage murya ya ce: "Alhaji, don Allah a yi haƙuri, a bar mini su na awa ɗaya." Washegari muka tarar ya ja layi da toka nesa da fili, ya jera benci a bayansa, ya roƙe mu kada mu yi komai sai tafa musu. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ma ta ware wani ƙarshen mako don irin wannan a 2022, inda aka nemi iyaye su yi tafi kawai.

Ni ma ban tsira ba, domin nawa faɗan a kan babur nake yin sa idan za mu koma gida, ina lissafa wa yaron duk inda ya yi kuskure, har wata rana ya ce mini cikinsa yana ciwo ba zai je ba. Tun da na koma tambayarsa ko ya ji daɗi, ciwon cikin bai dawo ba.

Akwai gyara. Filin ba shi da inuwa, sau da yawa kuma ba a farawa a kan lokaci, sai a yi ta sauri kada Magariba ta riske mu. Ruwan sha kowa da nasa yake zuwa, kuma koci ɗaya da mataimaki ɗaya sun yi kaɗan idan yaran suka cika. Duk da haka na riga na biya kuɗin wata mai zuwa, kuma ƙanensa yana cika shekara 6 zan haɗa su tare.