Fim ɗin ban ƙyama: kallo a fada ko kai kaɗai a ɗaka?

Tun da Netflix, dandalin kallon finafinai ta intanet, ya iso Nijar a 2016, samarin Maradi suka fara cin karo da wani irin fim mai dogon zango wanda babu dodo a cikinsa, jikin mutum ne abin tsoron. Fata ta tsage, haƙori ya tsiro inda bai kamata ba, labarin kuma ya riƙa juyawa kamar mafarkin mai zazzaɓi.

A fada, wato majalisar da samari ke zaman hira da shan shayi, ana jiran shayi na biyu, tsoron ba ya samun wurin zama. Wani ya ce a'uzubillahi, wani ya rantse aikin iskoki ne (a garin da aka san bori, ba abin mamaki ba ne), sai mai gyaran salula ya ce: "Haba abokina, roba ce da jinin ƙarya, sauran kwamfuta ta yi." Dariya ta ɓarke. Illar kawai, surutu na cinye sautin, alhali rabin ƙyamar a kunne take: ƙarar ƙashi, motsin nama mai danshi. Kuma dole a riƙa leƙen hanya kada dattijo ya gifta daidai inda tsiraici ya bayyana.

Kai kaɗai kuwa, da abin sauraro a kunne, ka fi gane abin da ake nufi: tsoron ciwo da tsufa, da jiki ya ƙi bin umarnin mai shi. Ni dai na gwada sau ɗaya, na kwana biyu ban iya kallon kilishi ba. Tun daga ranar na koma fada.