Abuja zuwa Legas: Ta Sama ko Ta Ƙasa?

Tsakanin Abuja da Legas, tazarar da jirgin sama yake ci ba ta wuce kilomita 500 da ɗoriya ba, kuma cikin awa ɗaya da 'yan mintoci yakan sauka a filin jirgi na Murtala Muhammed da ke Ikeja. Sai dai wannan lissafi bai haɗa da tafiyar kusan kilomita 40 daga tsakiyar birni zuwa filin Nnamdi Azikiwe ba, balle zaman jiran jirgin da aka ɗage lokacin tashinsa.

Hanyar mota kuwa ta kai kimanin kilomita 750, domin ba miƙewa take yi ba. Wanda ya hau mota a Utako da asuba zai bi Gwagwalada da Abaji, ya tsallake kogin Kwara kafin Lakwaja, inda masu soyayyen kifi suke rufe tagogin mota da farantansu, sannan ya ratsa Okene da Akure da Ibadan. Awa 10 zuwa 12 ke nan idan tireloli ba su tsare hanya ba. A ganina, mai buhunan kaya mota ta fi masa sauƙi, tunda a jirgi kowane kilo da ya haura ƙa'ida sai an biya kuɗinsa.