Shekara biyu ina ɗiga latanoprost saboda hawan jinin ido, ga abin da na gani

Ni tela ne a Kano, shekarata 48, kuma ni fa tabarau kawai na je a yanka min don zare ya fara min gardamar shiga allura, ba ciwo ba ƙaiƙayi ba komai. Likita ta ɗiga min wani abu ta matso da wata ƴar na'ura mai shuɗin haske har ta taɓa idon, sai ta yi shiru ta ce Malam akwai wanda ya makance a gidanku? Na ce mahaifina Allah ya jiƙansa, shekarunsa na ƙarshe ni nake riƙe masa sanda zuwa masallaci, mu duk mun ɗauka tsufa ne. Ta ce fureshan idona, wato matsin ruwan da ke cikinsa, na dama 31 na hagu 27, alhali lafiyayyen ido tsakanin 10 zuwa 21 yake. Gilakoma ce, wadda muke cewa hawan jinin ido, duk da ba hawan jinin da aka sani ba ne don nawa na jiki lafiya lau yake. Wani ruwa ne da ido yake yi a cikinsa kullum, ba hawaye ba, yana da ƴar magudanar da yake bi ya fita, in ta cushe sai ya taru ya danne jijiyar gani ta riƙa mutuwa a hankali daga gefe-gefe. A nan na gane dalilin da ɗinki nake gani tsaf amma ɗan adaidaita sai ya zo daf da ni ta dama sannan na lura da shi.

Timolol 0.5% aka fara ba ni, safe da yamma. Gaskiya yana da araha kuma kusan ko'ina ana samu, fureshan ma ya sauka, amma kwana kamar goma na fara jin ƙirjina yana ɗaurewa da daddare ina wani irin fito in na numfasa. Ina da asma tun ina yaro ban faɗa ba, don a tunanina me ya haɗa maganin ido da ƙirji. Ashe ɗigon yana bin wata ƴar hanya daga kusurwar ido ya sauka hanci ya shiga jini, kuma timolol bai dace da mai asma ko wanda zuciyarsa ke bugawa a hankali ba. Don Allah duk wanda za a rubuta wa ya faɗi duk ciwon da yake da shi ko ba a tambaye shi ba.

Aka mayar da ni latanoprost 0.005%, wanda da yawa suka fi sani da Xalatan, akwai kuma na kamfanonin Indiya da suka fi sauƙin kuɗi, duk na gwada kuma duk sun min aiki. Ɗigo ɗaya a kowane ido sau ɗaya da dare, shikenan. Timolol rage yin ruwan yake, shi kuma wannan buɗa wa ruwan hanyar fita yake. Bayan sati shida na koma aka samu 17 da 16, wallahi ranar har sadaka na yi. Sati biyun farko idona ya yi ja kamar wanda bai yi barci ba, kwastomomi na ta min sannu, daga baya ya lafa. Gashin idona ya ƙara tsawo da kauri, fatar ƙasan idon ta ɗan yi duhu, maman yara ce ta fara lura. Ni waɗannan ba su dame ni ba.

Abin da ya dame ni kwalbar. Mil 2.5 ce kawai, ba ta kai babban yatsa ba, kuma watan farko rabi a kumatu ya ƙare don hannuna na rawa. Yanzu na iya, kwanciya nake rigingine in ja fatar ƙasa in ɗiga ɗaya tak ba tare da bakin kwalbar ya taɓa ido ba, in rufe ido in danne kusurwar da ke kusa da hanci da yatsa kamar minti biyu. Ɗigo na biyu asara ce, idon ba ya riƙewa. Sai maganar ajiya, takardar ciki ta ce kafin a buɗe a firij yake zama, bayan an buɗe kada zafi ya wuce 25 kuma a zubar bayan sati huɗu. To a Kano watan Afrilu zafi na haura 40 ga wuta ba tabbas, ni dai a ƴar roba mai murfi nake sa shi in tura cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Kuma duk kemis ɗin da na ga ya ɗauko min daga kan kanta ba daga firij ba, godiya nake in yi gaba, sannan ina duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna nake wannan rubutun. A 2024 da kuɗin magani ya tashi ga kuɗin makarantar yara, na daina ɗigawa kusan wata uku, don maganin nan ko ka ɗiga ko ba ka ɗiga ba ba ka jin bambancin komai, ba kamar maganin ciwon kai ba ne da za ka ji sauƙi. Da na koma na dama ya koma 29, aka sa ni gwajin nan da kake leƙa cikin na'ura kana danna maɓalli duk sanda ka ga ɗigon haske, takarda ta fito baƙin da ke gefe ya ƙara faɗi. Likita ta ajiye ta kusa da ta bara ta ce Malam wannan wurin ya tafi, ba magani ba tiyata da za ta dawo da shi, abin da ya rage muke tsarewa. Na fito na zauna a benci na daɗe ina tuna Baba.

Daga nan aka ƙara min dorzolamide a idon dama sau biyu a rana. Wannan kam yana da zafi in ya shiga kuma ɗacinsa har maƙogwaro, in lokacinsu ya haɗu sai na bar minti biyar tsakani don kada ɗaya ya wanke ɗaya. Da azumi da sahur nake sawa da bayan shan ruwa, ban tsallake ko rana ɗaya ba. Kuɗin maganin yanzu shi nake fara cirewa kafin cefane.

Binciken makanta da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cikin mutum 100 da suka kai shekara 40, kusan 5 na da gilakoma, kuma tana bin jini. Shi ya sa na tattara ƙannena huɗu na kai su awo da kaina, aka samu ƙanwata da 25 a ido ɗaya, ita ma ba ta taɓa jin komai ba. Ta fara ɗigawa wata biyar kenan, kullum ƙarfe tara na dare in na kwanta zan sa nawa sai na kira ta na ji ko ta sa nata.