Na juya Mustang ɗina zuwa itanol a Jidda: ga abin da na gani

Tun da aka gan ni ina ɗura mai da jarka a ƙofar gida samarin unguwa ke ta tambaya ta me nake zuba wa motar, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta. Motar Mustang GT ce 5.0 ta 2019, injin da ke matse mai sosai, 12 da 1, kuma duk wanda ke tuƙa irinta a nan ya san yadda take yin sanyin jiki da azahar. Banzin ɗin da muke sha 91 kore da 95 ja, zafi ya haura 40 mukayyif (AC) na aiki, injin ya fara ƙwanƙwasa sai kwamfutar motar ta ja wuta baya don kar fistin ya ci wuya, kana taka totur kana jin kamar an riƙe ta ta baya.

Shi ya sa na koma man E85, wanda itanol ne kashi 85 sauran banzin. Oktan ɗinsa, wato lambar juriyar mai ga ƙwanƙwasa irin 91 da 95 ɗin nan, ya haura 100, kuma in an fesa shi yana sanyaya iskar da ke shiga injin, to a ƙasa mai zafi irin wannan nan amfaninsa yake. A gareji a sana'iyya, unguwar makanikai, aka yi min aikin, aka sa injekta manya, aka ƙara famfon mai, aka sa sensa mai karanta yawan itanol a tanki sannan barmaja, wato sake saita kwamfutar motar. Sensar nan kar wanda ya yi rowa a kanta, ita ke ba ka dama ka zuba 95 yau gobe ka haɗa da itanol motar ta daidaita kanta.

Gaskiya motar ta canza. Ƙarfin dokin da ya ƙaru a dayino, na'urar auna ƙarfin mota, ba wani tsalle ba ne tunda ba tarbo gare ta ba, masu tarbo su ne ke cin riba sosai, amma abin da ya burge ni shi ne yadda ta daina sauya hali, jan da za ta yi da asuba shi za ta yi ƙarfe biyu na rana. Ƙarar ma ta gyaru, hayaƙin salansa wani ƙanshi-ƙanshi mai zaƙi. Baba da ya ji sai ya ce kai yaro giya kake ba motar? Na ce a'a ranka ya daɗe, an gauraya shi da abin da ba ya shayuwa, ya girgiza kai dai ya wuce masallaci.

To yanzu aljihu. Itanol ƙarfinsa a lita bai kai na banzin ba, ya gaza da kusan kashi ɗaya cikin uku, shi ya sa motar ke shan kusan kashi 30 fiye da da. Tankin lita 60 da ɗan wani abu ne, allurar mai kana kallo tana sauka. Ga shi ba gidan man da za ka tsaya a Saudiyya ka ce a zuba E85, ba kamar Amurka ba inda masarar da ake yin itanol da ita ta yi musu yawa, a duro ko jarka ake saye wajen masu kayan tsere kuma kuɗin litarsa ya ninka na banzin 95 da ake sayarwa riyal 2.33 nesa ba kusa ba. Tafiyar Madina kilomita 400 da ɗoriya, da jarkoki a but cikin wannan rana? Wallahi ban yi ba kuma ba zan yi ba.

Sai ruwa. Itanol na zuƙar danshi daga iska, Jidda kuwa kun san ta. Wani mai sayarwa ya taɓa ba ni jarka da ta daɗe murfinta a sake, motar ta riƙa sheƙa tana kakkatsewa, sai da aka juye tankin. Yanzu ina da ƴar kwalbar gwaji, kafin in biya sai na gwada a gabansa ko ransa zai ɓaci. Baƙin mai ma ina canjawa da wuri don itanol na sauka cikinsa, kuma da muka hau Ɗa'if da hunturu sai da ta yi gardama kafin ta tashi da safe.

Yanzu dai kullum 95 nake sha, in za mu filin tsere ƙarshen mako in haɗa rabi da rabi. Mai mota ɗaya da yake zuwa aiki da ita, ko wadda garantinta bai ƙare ba, ni ban ba shi shawara ba. Saher, kyamarar kama masu gudu, kuma ba ruwansa da irin man da ka zuba, tarar ɗaya ce.