Kuɗin Tallafin Abinci: Daga Hannun Wa Ya Kamata A Sayi Hatsin?

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, rabon abinci da kuɗin gwamnati ya zama ruwan dare a jihar Katsina, kuma sau da yawa akan ɗora wa kwamitin ƙaramar hukuma ko na mazaɓa nauyin sayen abin da za a raba wa mabuƙata. Duk wanda aka saka a irin wannan kwamiti zai tarar da hanyoyi huɗu a gabansa: a ba ɗan kwangila, a raba tsabar kuɗi, a ba da katin karɓar abinci a shago, ko kuma a sayi hatsin kai tsaye daga hannun manoman yankin.

Hanyar ɗan kwangila ba ta cancanci dogon bayani ba, domin ribarsa da kuɗin mota da na lodi duk daga cikin buhun talaka suke fita. Tsabar kuɗi tana da sauƙin rabo, sai dai abin da aka ba magidanci a kaka sau da yawa ba ya saya masa hatsi daidai da na lokacin kaka idan damina ta yi nisa. Kati kuwa ya fi dacewa da cikin birnin Katsina, inda shaguna suke da yawa.

Hanyar da nake ganin ta fi ita ce sayen gero da dawa da masara da wake daga ƙungiyoyin manoma a lokacin kaka, wato daga Oktoba zuwa Disamba, a adana, a raba tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma sabon amfani bai nuna ba. Naira ɗaya a nan tana yin aiki biyu: tana ciyar da gidan da ba shi da abinci, tana kuma hana ƙaramin manomi karyar da amfaninsa ga 'yan sari saboda bashin taki. Jihar tana da abin sayarwa. Masara tana fitowa daga Funtuwa da Bakori da Dandume, gero da wake daga ƙasar Daura da Mashi, ga kuma masu noman rani a madatsun ruwa na Zobe da Jibiya da Sabke. Sayen abinci daga hannun manoma ba sabon tunani ba ne. Ƙasar Birazil ta fara shirin sayen abinci daga ƙananan manoma a 2003, sannan a 2009 ta yi dokar da ta wajabta kashe aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin ciyar da 'yan makaranta a wajensu. Amurka ma ta yi makamancin shirin daga 2021, amma aka soke shi a watan Maris na 2025, abin da ke nuna cewa bai kamata a sa manomi ya faɗaɗa gona bisa alkawarin kuɗin da ba su shigo asusu ba.

Sai dai wannan hanya tana da mayaudara fiye da sauran, kuma a nan ne ya kamata kwamiti ya buɗe ido. Na taɓa zama a wani kwamiti da aka kawo wa hatsi da sunan ƙungiyar manoma, ashe dillali ne ya yi wa ƙungiyar rajista da sunayen 'yan uwansa, ya sayo hatsin a kasuwa ya ɗora ribarsa. Saman buhu tsaba ce mai kyau, tsakiya kuwa ƙaiƙayi da tsakuwa. Saboda haka takardar rajista kaɗai ba shaida ba ce. A je ƙauyen, a tambayi mai unguwa da liman da malamin gona, a ga gonakin, kuma a biya kowane manomi a hannunsa ko a asusunsa a ranar da aka auna, ba ta hannun shugaban ƙungiya ba.

Kada a yarda a sayi hatsin gwamnati da tiya. Akwai tiyar saye, akwai tiyar sayarwa, kuma wadda aka bubbuga wa gindi takan cinye kwanuka da dama a kowane buhu. A ɗora a sikeli, sikelin kuma ya zama na kwamiti. A zazzage wasu buhunan gaba ɗaya a kan tabarma, waɗanda ɗan kwamiti ya zaɓa da kansa, ba waɗanda mai kaya ya nuna ba. A ciza ƙwayar masara: idan ba ta fashe da ƙara ba, ba ta gama bushewa ba, kuma masara mai danshi tana yin fumfuna a sito, wadda ke haifar da gubar da ke lalata hanta. Wasu ma da gangan suke yayyafa ruwa don kaya su yi nauyi.

Wake ya fi kowane hatsi buƙatar lura. Idan aka buɗe buhu aka ji warin magani ko idanu suka yi yaji, a mayar da shi ko da kyauta aka bayar. Irin wannan maganin ƙwari ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015. Maganin wannan shi ne buhu mai ninki uku da ake kira PICS, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana iska shiga, ba tare da an zuba komai ba. Shi ma akwai na jabu a kasuwa, mai leda siririya da ke hujewa, don haka a hura ledar a matse a tabbatar ba ta fitar da iska kafin a biya kuɗi. Kuɗin buhunan da na hayar sito da na mai gadi a cire su tun farko daga kasafin, kuma makullin sito ya zama biyu, a hannun mutum biyu da ba dangin juna ba.