Teburin zanen da mai walda ya ƙera mini a Gusau

Ga mai zane da baki, tsayuwar takarda ta fi buroshi da fenti muhimmanci. Tun da hatsarin mota a hanyar Funtua ya taɓa mini laka, wuyana kaɗai ke motsi. Buroshin da na ciza bai wuce taƙi biyu ba yake kaiwa, don haka dole takardar ce za ta zo wurina. Shi ya sa nake son 'yan'uwana masu irin larurata su ji labarin aikin wani dattijo mai walda a Tudun Wada.

Bai yarda a kai masa awo a takarda ba, da kansa ya zo har gida. Ya ce, "Ɗana, ciza buroshin ka nuna mini iyakar inda kake kaiwa." Ina juya kai yana sa alama da alli a jikin katako. Na ce, "Baba, kada ya danne mini gwiwa." Ya sake aunawa daga ƙasa.

Da fayif ya yi shi, ƙafafun a buɗe yadda kekena ke shiga ƙarƙashi. Allon yana hawa yana sauka, yana kuma kwantawa, kuma notin mai kunnuwa ne, ƙanwata na kwance shi da hannu ba sai da sifana ba. Amma abin da ya fi taɓa mini zuciya wani ɗan ƙarfe ne da ya liƙa a gefen dama, mai ramuka, inda buroshi ke zama gindinsa na kallon bakina. Ni nake ajiye wannan in ɗauki wancan. Mutumin da ake ba abinci a baki, ake juya shi duk bayan awa 2 don gudun gyambon kwanciya, shi ya san darajar abu guda da zai yi ba tare da ya kira kowa ba. A kan teburin nan na zana dutsen Kwatarkwashi, zanena na farko da aka saya.

Yana da aibu. Nauyi gare shi, ba taya, sai mutum biyu sun kama. Fentin mai da ya shafa masa ya daɗe yana wari, mu kuma numfashinmu ba ƙarfi, dole aka bar shi a tsakar gida ya sha iska. Mazaunin kofin ruwa ma ya yi ƙasa, in na sunkuya sai jiri. Wannan kam ya dawo ya ɗaga shi bai karɓi ko sisi ba.

Masu zane da baki suna da ƙungiya ta duniya wadda Bajamushe Erich Stegmann, da shan-inna ta shanye wa hannuwa, ya kafa a shekarun 1950. A ƙasashen waje akwai teburan da lantarki ke motsawa. Nawa a kan N35,000 aka yi mini shi a lokacin, kuma bai damu da ɗauke wuta ba.

Wanda zai sa a yi masa, ya nemi a sa taya, allon kuma ya riƙa zamewa hagu da dama, wanda nawa ba ya yi. Wajen zane kuma a yi amfani da fentin ruwa, ko da yake da hunturu saurin bushewa yake, sannan a zura gindin buroshin cikin guntun tiyo mai tsabta saboda haƙora.