Maganin homon ko statin, wanne ke kare jijiyoyin mai ciwon zuciya?

'Yan uwa mata, wannan maganar tana damuna wallahi. Mace al'ada ta ɗauke mata, ga ciwon zuciya, ga zafin jikin nan mai tasowa tsakar dare har zani ya jiƙe sharkaf, sai a ce ta sha homon, wato maganin da ke maye gurbin sinadarin mata da ake kira estrogen, wai zai gyara mata jijiyoyin jini. Eh, estrogen yana sa jijiya ta saki, yana rage mugun kitse, shi ya sa likitoci suka daɗe suna zaton kariya ne, amma da aka gwada a Amurka, binciken HERS na 1998, mata sama da 2,700 masu ciwon zuciya, bai rage bugun zuciya ba, shekarar farko ma ƙaruwa ya yi, gudajin jini a jijiya kuma ya kusa ninka uku.

Shi kuwa statin, wato maganin rage kitsen jini, ko zafin jikin ba ya taɓawa, gumin na nan daram. Amma yana sauke kitsen da ke toshe jijiya kuma an tabbatar yana rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Ni dai in zuciya ake son karewa statin zan zaɓa, maganar gumin kuma Hajiya ki kai wa likitan zuciyarki, akwai magungunan da ba homon ba.